Fadar da Ba Ta da Zaure

Daren jiya na yi wani mafarki da har yanzu bai sake ni ba. Amma bari in fara gaya muku abin da nake yi da tsufana, don kada ku ce tsoho ya zare.

Sunana Lirwanu, tela ne ni, ko in ce na taɓa zama, tunda idanuna sun raba gari da ramin allura. Bara waccan jikokina suka samo buhun bulon roba a cikin kayan gwanjo, ƙananan nan masu ƙuraje a ka, da ake danna wani kan wani su kama. Ba a jima ba suka watsar suka koma wa waya. Ni kuwa na tattara abina, na ɗora tsohon ƙyaure a kan durom biyu a ɗakina, na shiga gini. Yau ina da fada guda irin ta hoton jikin wani kwali da na tarar a cikin buhun: ganuwa mai haƙora, rami na shuɗin bulo kewaye da ita har da kada a ciki, gada mai sarƙa, da hasumiya da ta kai mini ƙirji, maciji mai fukafukai kwance a kanta. Hasumiyar nan ita ce abin taƙamata. Ko matata Tasalla ba ta isa ta kai tsintsiya kusa da ita ba.

To, a mafarkin sai na tsinci kaina tsaye a kan ƙyauren nan, tsawona bai wuce ɗan yatsa ba. Ƙasa kore shar, ƙuraje a jere har iyakar gani. In na ɗaga ƙafa ta ce ɓas, in na sauke ta ce ƙas. Ashe ramuka ne a tafin ƙafata. Ban damu ba.

Ana ruwa. Daga ƙasa yake tsirowa, 'yan ƙwayoyi shuɗaye, yana hawa sama a hankali. Mutane sun kifar da laimominsu sun zauna a ciki suna hira. Wani mutum ya zo wucewa, fuskarsa rawaya, murmushi har kunne. Na yi masa barka da ruwa.

"Rasuwa aka yi mana, Baba," in ji shi.

"Allah ya jiƙan rai. To, murmushin fa?"

"Da shi aka zana ni. Ya zan yi?"

Sai ga ni a ofis. Akuya ce a bayan tebur, ja, da tabarau da ɗaurin ɗankwali na manyan mata. Wani bunsuru na tsaye yana yi wa fanka fifita don ta samu ta juya. Akuyar ta dube ni ta saman tabarau.

"Kai ne maginin?"

"Ni ne, ranki ya daɗe."

"Tun da ka gama fadar nan ba wanda ya taɓa shiga."

"Ai ga gada nan, ga ƙofa."

"A ina mutum zai tsaya ya yi sallama? A kan gada, kada na lashe baki? Gida ba zaure! Kai ɗan wane gari ne?"

Kunya ta rufe ni, don gaskiya ta faɗa. Hoton kwali na bi tiryan-tiryan, mutanen kwali kuwa ga alama ba sa sallama, da majaujawa suke shiga gidan juna. Ni da na tashi a gidan da ko kaza sai ta bi ta zaure, na gina fada guda ban tuna ba.

"To wa ke ciki da har ake son shiga?" na tambaya.

"Wata mata. Ta ce ita ta haife ka."

"Iya? Ai Iya ta rasu tun ina koyon taka keken ɗinki."

"Nan ta tare. Ta ce ginin ɗanta ne, ba za ta zauna gidan wani ba."

Ni ɗan fari ne. Wanda ya san abin ya san abin da nake nufi. Iya ba ta taɓa faɗin sunana ba, saboda kunya. "Kai" take ce mini, ko "wannan yaron". In na shigo ɗaki ta kau da fuska, in ta ajiye mini ƙanzon tuwo, da ta san ina so, sai ta tura ƙanwata ta ce wai ya rage ne. Ranar da za ta cika ta riƙe hannuna ta ce, "Kai, Allah ya yi maka albarka." Ban taɓa shakkar tana sona ba. Amma ina son in ji yadda sunana yake a bakinta, sau ɗaya tak. Na so shi ina yaro, kuma ga shi da furfura ban daina ba.

Akuyar ta cire tabarau ta goge shi da kunnenta.

"Ka ga garin nan komai a juye yake," in ji ta. "Ruwa sama yake zuwa. Uwa kuma ɗan fari kaɗai take kira da suna, sauran su ake jin kunya. In ka yi sallama a zaure ta amsa, za ka ji. Amma ka hanzarta. Ruwan nan na gama hawa, gari ya waye a wurinku."

Sai ga ni a kasuwa, ina neman bulo. A kasuwar kaya ne ke zaune a rumfa, masu su na jere a faranti. Wata ganga ta yi mini tallan mai ita, ta ce sabo ne, bai taɓa faɗa da kowa ba. Na ce mata bulo nake nema. Wani soja mai hular ƙarfe, da ke jingine da mashi a kan ƙafa ɗaya, ya yi tsaki.

"Bulo? Duk bulon duniyar nan ka cinye shi, kai da hasumiyarka. Ni kaina ƙafata ta hagu ka ara ka toshe taga."

Haka aka yi kuwa. Na sunkuyar da kai.

"Mai son zaure," in ji shi, "sai ya sauke hasumiya."

Na ɗaga kai na dube ta. Daga ƙasa ta fi kyau nesa ba kusa ba, tagoginta a jere, tutarta ja. Damina guda na yi ina gina ta, na rushe na sake, har haƙorina na gaba ya gutsure garin raba bulo biyu da suka manne. Ba zan ɓoye muku ba, na tsaya. Har zuciyata ta fara kawo mini dabara, wai ko a yi zauren da kara. Sai na lura ruwan da ke tsirowa tsakanin ƙafafuna ya fara ragewa.

A matakalar hasumiyar, sauka ake yi a kai sama, don haka ban gaji ba. Na tarar da macijin kwance, ya rufe ido da fiffike ɗaya.

"Sannu da zuwa, Baba."

"Yawwa. Ka yi haƙuri, zan rushe maka wuri."

Ya buɗe ido. "Da gaske? Wallahi tun ranar da ka ɗora ni nan jiri nake gani. Na yi shiru ne don na ga kana murna."

Muka kama aiki, ni da farce, shi da haƙori. Na ciro bulon farko na jefa ƙasa, sai ya bi ruwa ya yi sama. Na jefa na biyu, ya bi ɗan'uwansa. Ban ankara ba sai da na yi asarar kusan rabin rufin.

"Sama ake jefawa in ana son ya sauka," in ji macijin. "Na zaci ka sani, kai da ka yi garin."

Muka riƙa jefawa sama, suna sauka a hankali suna jeruwa a bakin ganuwa. Hasumiya na raguwa a ƙarƙashinmu, tana raguwa, har muka tsinci kanmu zaune a ƙasa. Na mayar wa soja ƙafarsa. Ya maƙala ta baibai, ya yi godiya, ya tafi yana zagaye wuri ɗaya.

Ban taɓa gina zaure da bulon roba ba, amma hannuwana sun san hanya. Na yi shi zagaye, irin na gidanmu, ko da yake bulo mai kusurwa ba ya son lanƙwasa, sai da lallashi. Na fitar da ƙofa biyu, na kauce da ta ciki gefe, don kada mai wucewa ya hango tsakar gida. Na yi dakali a waje inda tsofaffi za su zauna su ci naman mutane. Mutanen laima suka taso suna miƙo mini bulo, har da wanda aka yi wa rasuwa da murmushinsa. Kadan nan ma ya fito daga rami ya riƙe mini bango da wutsiya, ya ce dama shi ruwa ba ya yi masa daɗi.

Bango ya kai, bulo ya ƙare. Babu rufi.

Akuyar ta iso, bunsuru na biye da ita ɗauke da fanka. Ta leƙa sama ta girgiza kai.

"Wannan ai shinge ne."

Macijin ya matso. Ya hau bangon, ya shimfiɗa fukafukansa daga wannan gefe zuwa wancan, ya kwantar da kai a saman ƙofa.

"Nan daidai ne," in ji shi. "Ina iya ganin ƙasa."

Akuyar ta sake leƙawa. "Zaure ne," ta ce, ta juya ta tafi.

Na cire takalmi a bakin ƙofa, ƙafafuwan suka biyo shi, na ajiye su gefe na shiga a durƙushe. Ciki da sanyi da ɗan duhu. Ruwan ya koma ɗaiɗai. Ta ƙofar ciki ƙamshin daddawa da hayaƙin kara ke fitowa, ana kuma daka a hankali, irin dakan mai ciwon kafaɗa. Na san dakan nan.

"Salamu alaikum."

Daka ya ci gaba.

"Salamu alaikum."

Taɓarya ta tsaya. Gabana ya faɗi, don in na yi ta uku ba a amsa ba, sai juyawa. Na yi ta ukun.

"Wa alaikumus salam. Wane ne?"

Muryar ba ta tsufa ba. Ta fi ta 'yata ƙuruciya. Sai a lokacin na tuna na girmi Iya yanzu, da shekaru masu yawa.

"Ni ne, Iya."

Na ji takunta yana matsowa. Ta tsaya a bayan bango kamar yadda ta saba, ba abin da nake gani sai bakin zanenta da yatsun ƙafarta da lalle.

"Ka tsufa," in ji ta. "Ka ci abinci?"

"Na ci, Iya."

"Ginin ya yi kyau. Sai dai ɗakunan sun yi mini yawa, shara ba ta ƙarewa."

"Iya, an ce a garin nan..." Na kasa ƙarasawa.

"Na sani. Tun ranar da na zo aka gaya mini." Yatsun ƙafarta na murza ƙasa. "Kullum in na shiga ɗaki ina gwadawa ni kaɗai, don bakina ya saba. Matso kusa. Ba zan iya da ƙarfi ba."

Na ja gwiwa na matsa har goshina ya taɓa bango. Ƙwayar ruwa guda ta tsiro a gabana ta fara hawa, ta wuce ƙirjina, ta wuce haɓata. Iya ta gyara murya. Na ji ta ja numfashi.

Nan injin markaɗen maƙwabtanmu ya tashi.

Na buɗe ido. Gari ya waye, haske har kan gadona, injin na ta ruri a bayan katanga. Hasumiyata na nan tsaye a kan ƙyaure, ko bulo ɗaya bai motsa ba. Na rintse ido na lalubi muryar, ban samu komai ba. Ban ji ba. Wallahi ban ji ba, injin ya danne. Na kwanta ina kallon rufi, hawaye na gangarawa cikin kunnena.

Tasalla ta ɗaga labule, buta a hannunta.

"Malam, wa ya kira ka? Tun daga tsakar gida na jiyo ka kana cewa na'am."