Furen da ke Ƙarƙashin Bokiti

Duk garin da jirginsu ya tsaya, sai Auta ta turo wa mahaifinta hoto. Ma'aikaciyar jinya ce a wani babban jirgin ruwa, shi kuwa mai gadi ne a ƙofar wata ma'aikata, shekara goma sha ɗaya ke nan. Takan tsaya gaban dogon bene ko bakin gada ta yi murmushi. Shi kuma ya sa tabarau, ya dubi fuskarta ya tabbatar lafiya take, sannan ya sa yatsu biyu ya ja hoton har gindin bango, inda ciyayi ke tsirowa a tsagar siminti.

"Baba, ni na turo maka ko ciyawa?" in ji ta a waya.

"Na gan ki, har kin yi kumatu. Amma gobe ki ɗan matsa, takalminki ya tare furen."

A garuruwa uku masu nisa da juna ya ga wata 'yar ciyawa mai ganye kamar haƙoran zarto, furenta rawaya. Ga kuma irinta, a ganinsa, ta fito a tsagar da ke tsakanin dakalin gadi da katanga. Auta ta yi dariya ta ce ba zai yiwu ba, can ƙasashen sanyi ne. Bai yi musu ba. Ya ce ta bari tasa ta buɗe, zai turo hoto a gwada. Sati uku yana jira. Ranar Talata kan tohon ya fara nuna rawaya.

A ranar ce kuma manaja ya sauko ƙofa, ya ce gobe da ƙarfe tara manyan baƙi za su zo daga hedikwata. Ya kira Iya mai shara.

"Daga nan har bakin titi, kada in ga ko ɗigon kore. A tuge komai."

"To, ranka ya daɗe," in ji Iya.

Mai gadi ya so ya yi mata magana, sai ya fasa. Ba sa shiri. Kullum tana yi masa faɗan ɓawon lemo, tana kiransa Sarkin Zama. In ya roƙe ta alfarma a kan ciyawa, kafin azahar duk ma'aikatar ta ji.

Washegari ya riga ta zuwa. Ya ɗauki jan bokitin ƙarfen nan na yashin kashe gobara, ya juye yashin a bayan ɗakin gadi, ya kifa bokitin a kan ciyawar, ya zauna a kai. Da Iya ta iso da tsintsiya ta dube shi sama da ƙasa.

"Sarkin Zama, an yi sabuwar karaga ne?"

"Bayana ke ciwo, Iya."

"Allah ya sawwaƙe. Ɗaga ƙafa."

Ya ɗaga, ta share ta wuce.

Tara ta yi, babu baƙi. Goma ta yi. Manaja na ta kai-komo a bakin ƙofa, waya a kunne, yana gyara wuyan riga, don haka babu halin ɗaga bokiti. Sha ɗaya inuwar katanga ta janye, rana ta sauka a kan dakalin. Ƙarfen ya fara gasa masa mazaunai. Ya tashi ya samo kwali ya ninka ya shimfiɗa, ya koma ya zauna, har yana yaba wa kansa dabara. Abin da ke ciki bai faɗo masa a rai ba.

Sai wajen ƙarfe uku direban manaja ya zo wucewa yana sakace haƙori.

"Baba, har yanzu kana ƙame? Ai sun zo sun tafi. Ta ƙofar baya suka shiga, ta nan suka fita."

Ya jira direban ya sha kwana, sannan ya naɗe hannu da hula ya ɗaga bokitin. Wani zafi ya bugi fuskarsa. Ciyawar ta kwanta a siminti kamar ganyen da aka tsamo daga tukunya. Tohon ya sunkuya, 'yar rawayar ta koma ruwan ƙasa.

"Kai ka dafa ta?"

Iya ce tsaye a bayansa, tsintsiya a hamata.

"Manaja ya ce a tuge komai. Na zaci..."

"Ka zaci me? Sati uku ina zagaye ta da tsintsiya! Wa kake tsammani ke zuba mata ruwa kafin ka zo, aljanu?"

Ya ajiye bokitin a gefe, ita kuwa ta ci gaba.

"Manaja ya taɓa sunkuyawa tun da ka san shi? Da ka faɗa min, da kwandon shara zan jingina a gabanta, shi ke nan. Amma namiji da bakinsa, ya gwammace ya zauna a kan wuta."

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Hoto ne daga Auta. Wannan karon ba ta ciki ko kaɗan. Gindin wani bango ne kawai, da fure rawaya a buɗe tar, har ana ganin ƙudan zuma a kai. A ƙasa ta rubuta: "Na matsa gaba ɗaya. Baba, ina namu?"

Ya dubi hoton, ya dubi abin da ke gabansa. Ya rubuta "Auta", ya goge. Ya sake rubutawa, ya sake gogewa.

Iya ta dawo da ruwa a gwangwani, ta ture shi da gwiwar hannu.

"Matsa, ka tare min. Wataƙila saiwar ba ta ƙone ba."

"Sati nawa kuma?"

"Ni na shuka ta? Je ka mayar wa mutane yashinsu."

Ya ɗauki bokitin ya nufi bayan ɗaki. Har yanzu da zafinsa.