Kwalbar Zainu

Da aka tashi daga zaman makokin ɗana Zainulabideen, na raba kayansa sadaka yadda muke yi a gida. A ƙarƙashin gadonsa na tarar da kwalbar tsohuwar talabijin, irin mai ƙeya ɗin nan, a naɗe cikin tawul. Na ba Laouali, wani ɗan Maraɗi mai sayen tsofaffin ƙarafa a unguwar Gubaira.

Sai ga Kamil, abokin karatunsa a jami'a, ya zo gidanmu a unguwar Suwaidi yana nemanta.

"Umma, ba talabijin ba ce," in ji shi. "Wata hoda Zainu ya haɗa ya shafa a cikinta. In an kunna, takan ba da hasken da ido ba ya gani, mai kashe ƙwayoyin cuta a ruwa. Duk cikin waɗanda ya gwada ita kaɗai ta yi. Gyaran ɗakin gwaji ake yi, shi ya sa ya kawo ta gida. In ta ɓata, aikinsa ya tafi tare da shi."

Na ɗauki abayata muka hau tasi.

Laouali na ganina ya washe baki. "Hajiya, yau kuma sadaka ake biyo sawu?"

"Laouali, ba wasa ya kawo ni ba. Ina kwalbar?"

Ya shiga ya ɗauko. Ya riga ya karya mata wuya. Ya ce haka suke yi wa kowace, don iska ta shiga, in ba haka ba sai ta fashe wa mutum a fuska. Kamil ya zauna a kan wata tsohuwar taya.

"Shi ke nan, Umma. Ba za ta ƙara kunnuwa ba."

Can ya tashi ya haska cikinta da fitilar waya. Hodar na nan manne da gilashin, fara kamar garin rogo.

"Zan kankare in gwada," ya ce. "Amma ban yi miki alkawari ba."

Laouali, da ya ji ta marigayi ɗana ce, ya daina dariya. Shi da kansa ya kai mana ita mota. Ni na rungume ta a cinya har ƙofar jami'ar.

An daɗe kafin Kamil ya bugo waya. Abin da ya kankaro bai cika cokalin shayi ba. Shi da abokan bincikensa sun sa a sabuwar kwalba, ta yi, amma da rauni. Ya ce za su ci gaba, kuma sunan Zainu ne a gaba a takardar binciken.

Na ce to. Na ajiye wayar na ɗora tukunya, don mahaifin Zainu ya kusa dawowa daga aikin tuƙi.