Kada a Yi Masa Rumfa

Ruwan da aka miƙo mata ma ba ta sha ba, ta tura gorar ƙarƙashin kujera. Hukumar da ta tsare mijinta har ya mutu a hannunta, ita ce yau ta sa aka zana hotonsa a bangon tashar mota, aka lulluɓe da farin ƙyalle, wai za a karrama shi. Mai Lasifika ake ce masa, shi ya tsaya wa mutanen unguwar da aka rushe wa gidaje.

Wata budurwa mai fenti a farce ta daɗe tana satar kallonta. Can ta matso ta durƙusa.

"Mama, ni na yi zanen. Ki zo ki gani kafin a buɗe."

"Wa ya aiko ki?"

"Babu kowa."

"Haka duk suke cewa."

Ta dai tashi ta bi ta, tana waige, suka shige bayan ƙyallen. Ga shi nan ƙato, baki a rufe, hannuwa a harɗe, yana murmushi kamar ango.

"Wannan ba mijina ba ne. Mijina ko a barci ba ya rufe baki."

"Haka suka ce in yi." Budurwar ta rage murya. "Amma fentin sama na ruwa ne, Mama. Na ƙasa ne na mai. Gidanmu yana cikin waɗanda aka rushe."

Tsohuwar ta kafe ta da ido. An sha ɗana mata tarko da magana mai daɗi irin wannan. Ta lashi babban yatsanta, ta murza wuyan hannun hoton. Launin ya narke, baƙin ƙarfen ankwa ya leƙo.

"Damuwata ɗaya," in ji budurwar, "sun ce gobe za su kafa masa rumfa, saboda damina."

Aka yi jawabai, aka yaye ƙyalle, aka tafa. Shugaban hukumar ya miƙo mata makirufo, fuska cike da fara'a.

"Ranka ya daɗe, alfarma ɗaya nake roƙo," ta ce. "Mijina ya gaji da zama a rufe. Kada a yi masa rumfa. Ku bar shi ya ga sama."

Shugaban ya dafa ƙirji, ya yi alkawari a gaban 'yan jarida.