Bijli Tana Samun Sauƙi

Littattafai goma sha huɗu Morsheda ta tarar shimfiɗe a ƙasa, a jere tun daga bakin ƙofa har gindin gado, kowanne a buɗe. Ruwan damina na dukan taga, an ɗauke wuta, fanka ta tsaya cak. 'Yarta Jhuma, mai shekara takwas, tana durƙushe a ƙarshen layin, ta ƙura wa shafi ido ko ƙiftawa ba ta yi.

"Ke, wannan wane irin shirme ne? Ina kike so mutum ya taka?"

"Ammu, zo ki gani," in ji yarinyar, ba ta ko ɗago ba. "Bijli tana samun sauƙi."

Morsheda ta san littattafan nan kamar yunwar cikinta, don ita ke sa musu launi. Labarin wasu jarumai ne su biyar, yara masu tashi sama, da ake nunawa a katun na talabijin duk Juma'a. Kamfanin da take wa aiki a Dhaka yana buga su a littafi wata-wata: wani ya zana, ita ta zuba launi a kwamfuta. Bijli ce kaɗai mace a cikinsu, 'yar masunci mai kiran tsawa da tafin hannu, baƙa wuluk irin Jhuma. Shi ya sa yarinyar ta ɗauki son duniya ta ɗora mata. Ranar da 'yan ajinsu suka laƙaba mata gindin tukunya, da littafin Bijli a hammata ta yarda ta koma makaranta.

Morsheda ta bi layin da kallo. A littafi na ɗaya Bijli baƙa ce. A na shida ta koma wankan tarwaɗa. A na sha huɗu fara ce tas, gashi da riga kawai suka rage nata. Fuska ɗaya sau goma sha huɗu, duk suna murmushi suna kallon rufin ɗaki, kamar wadda ake zuƙe wa jini a hankali. Tsikar jikinta ta tashi. Da hannunta ta yi aikin nan, amma ba ta taɓa ganinsa a jere ba.

"Wane magani kike ba ta, Ammu?"

"Ba ciwo take yi ba."

Sai a lokacin Jhuma ta ɗago. "To ni ma ki ba ni mana."

* * *

Anowar, editan kamfanin, irin mutanen nan ne da za su yanka ka suna tambayar lafiyar iyalinka. Shi ne duk wata yake tsayawa a bayan kujerarta ya ce, "Apa," wato yaya, "ɗan rage duhun nan. Kaɗan fa, ba wanda zai lura." Masu man ƙara hasken fata sun sayi bangon baya na littafin don talla, kuma sun ce baƙar yarinya ba ta dace da kayansu ba.

"Anowar Bhai, an lura," ta ce masa da safe, ta haɗa da Bhai ɗin girmamawa, wato ɗan'uwa. "'Yata ta lura."

Ya kurɓi shayi ya yi dariya. "Haba Apa. Yara ke karantawa, amma iyaye ke saya. Ke kanki, da masu neman aure za su zo ganin ƙanwarki, kwana nawa kuka yi kuna dirza mata kurkum?"

Kwana bakwai. Ta tuna sarai, don ita ta riƙe kwanon. Haushin kanta ya fi haushinsa yawa.

Da yamma tana taje wa Jhuma kai ta ji wani wari mai kama da na maganin wankin bayan gida. Ta juyo da fuskar yarinyar wajen haske. Kuncin hagu ya yi ja, fatar tana saɓulewa. Ashe maƙwabciyarsu ta ƙasan bene ce take matsa mata man ƙara hasken fata a murfin kwalba, wai taimakon marainiya take tunda ubanta ya rasu, kar ta girma ta rasa miji. Morsheda ta sauka ta wanke matar tas, ta dawo ta zauna bakin gado. Tsoro ne ya kama ta, tsoro na gaske, don ta san man shafawa ba shi da ƙafa. Yarinyar ce ta je ta roƙa.

* * *

Littafi na sha biyar, sai da Anowar ya duba ya sa hannu, sannan ta buɗe shafukan ɗaya bayan ɗaya ta mayar wa Bijli launinta na farko, ta tura maɗaba'a. Ta san abin da zai biyo baya. Ranar da kwalayen littafin suka iso ofis Anowar ya buɗe guda, ya daɗe yana kallo, sannan cikin sanyin muryar nan tasa ya ce ta kwashe kayanta, ta gaida gida.

Ko a jikinta. Ta hau keke da littafin a ƙirji, rabon da ta ji zuciyarta wasai haka har ta manta.

"Jhuma, rufe idonki. To, buɗe."

Yarinyar ta karɓa da tsalle. Ta buɗe shafin farko, tsallen ya tsaya. Ta juya na biyu, ta juya na uku.

"Ya dawo mata," ta ce a hankali.

"Me ya dawo?"

"Ciwon. Kin daina ba ta maganin."

Morsheda ta durƙusa ta riƙe kafaɗunta. Ta gaya mata wannan ce Bijli ta gaskiya, haka Allah ya yi ta, haka ya yi su su biyu, kuma da wannan baƙin ta fara kiran tsawa. Ta yi ta magana har bakinta ya bushe. Jhuma ta ce, "To." Irin "to" ɗin da yara ke ba manya don a ƙyale su.

Tana kicin tana tsame shinkafa ta fara jin sautin: ƙurus, ƙurus, ƙurus. Ya tsaya, takarda ta juya, ya ci gaba. Ta ɗauka ɓera ne. Da ta kasa kunne ta ji ɓera ba ya haƙuri irin wannan.

Littafin yana kan gado, garin abin goge fensir ya cika zanen gadon. Jarumai huɗu na nan lafiya lau a kowane shafi. Bijli kuwa riga ce da gashi, tsakaninsu farar takarda, a wasu wuraren ma an goge har ta huje. Morsheda ta ɗaga shafin tsakiya da hannu biyu. Ta cikin hujin da fuskar take a da, ta hango Jhuma tsaye gaban madubi, abin gogewar a hannunta, tana bin kuncinta na dama da shi a hankali, a natse, kamar mai gyara kuskure a littafin makaranta.