Reshen da Muka Kwantar wa Iya

"Kai, Tela, a hankali! Ba wuyan riga kake ja ba!"

Ina saman tsani, ƙaya ta riƙe mini hannun riga, shi kuwa Baba Direba yana zaune a kujerar roba an lulluɓa masa bargo, yana ba da oda da sandarsa kamar har yanzu yana da yaran mota. Maƙwabcina ne, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Tun da ya ajiye tuƙi ba shi da aiki sai wardin nan mai hawa da ya dasa a gindin katangar, wanda ya girma har ya wuce rufin ɗakinsa.

Wardin nan butulu ne. Baba ke ba shi ruwa, Baba ke zuba taki, Baba ke shan sukar ƙaya, amma duk furen da zai yi sai ya haye ƙololuwa ya leƙo gidana, inda rana ta fi faɗowa. Ni nake shaƙar ƙamshi ina kan keken ɗinki, ban taɓa ba shi ko kofin ruwa ba. Iya, matar Baba, wadda ciwon gwiwa ya zaunar a bakin taga, abin da take gani wuni guda sanduna ne da ƙaya.

"Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi," in ji ta, duk lokacin da na shigo gaisuwa.

Ranar da aka sallamo Baba daga asibiti ya aika aka kira ni.

"Likita ya ce inji ya gaji," ya ce yana murmushi. "Kafin in kashe mota ina so matar nan ta ga fure ta tagarta, ko na huta da gori."

Ya yi mini bayani. Reshen da ya miƙe tsaye, a kansa kaɗai yake fure. In aka kwantar da shi a gicciye, kowane ido da ke jikinsa sai ya tsiro, kowane tsiro da furensa. Na ce to me ya hana shi tuntuni? Ya sunkuyar da kai. Reshe ɗaya tak ne tsawonsa zai kai tagar, ya tsufa ya yi tauri, in ya karye sai an jira shekaru kafin wani ya kamo shi. A da tsoro ne ya hana shi, yanzu kuma shekarun ne ba shi da su.

Haka na zama ɗan ƙwadagon fure. Kullum da hantsi in hau tsani, in kwance ɗaurin jiya, in sauko da reshen ɗan kaɗan, in sake ɗaure shi a ƙusar ƙasa. Baba ya haramta ɗauri da waya, wai tana yanka ɓawo, don haka ƙyallayen shagona muka koma wa. Kafin a jima katangar ta cika da ja da kore da ruwan ɗorawa.

"Sakwa-sakwa za ka ɗaure! Ka bar masa wurin ƙiba, kamar yadda ka bar wa kanka."

Wata safiya ina cikin danna reshen sai muka ji ƙas! Iya ta saki salati. Baba ya miƙe tsaye, mutumin da sai an tallafe shi yake tashi. Ni kuwa sai ga ni zaune daɓas a cikin taki, matakalar tsani a ƙarƙashina gida biyu.

Baba ya shafa reshen tun daga gindi, ya yi ajiyar zuciya. "Alhamdulillahi, tsanin ne."

"Ni fa, Baba?"

"Kai ai kana da matashi a jikinka."

Iya ta yi dariya har da hawaye. Ban taɓa jin daɗin faɗuwa irin ta ranar ba.

Daga baya kujerar roba ta gagare shi, aka jawo gadonsa kusa da taga, daga nan yake ba da odar, murya na raguwa. Ranar ɗauri na ƙarshe na manta ban zo da ƙyalle ba. Iya ta jefo mini tsohuwar shuɗiyar rigarsa ta tuƙi.

"Yaga," ta ce. "Ai ba inda za shi da ita."

"Kin ji ki, ko kunya," in ji Baba daga ciki.

Reshen ya kwanta tsaf a ƙarƙashin tagar, bai karye ba. Na leƙa na gaya masa. Ya ɗaga mini babban yatsa, ya ce saura na Allah.

Bai ga furen ba. Wata rana da hantsi ina zuba ruwa a gindin wardin, Iya ta kira ni a hankali da muryar da ban san ta da ita ba, na ajiye bokitin. Ta ce maganarsa ta ƙarshe ita ce a gaya wa Tela kar ya cika ruwa. Na yi dariya, sannan na tsuguna a gindin katangar na yi kuka sosai, don na so tsohon nan.

Na ci gaba da zuwa da bokitina. Idanun reshen suka kumbura, suka fashe, jajayen tsiro suka jeru kamar maɓallan riga. A nawa gidan kuwa fure ya ƙaura, ban yi ƙorafi ba.

Ran nan na shigo na tarar da taga a buɗe. Fure ɗaya babba ya kutsa kai tsakanin ƙarafunan tagar, ya hana a rufe ta. Iya ba ta ji shigowata ba.

"Sai yanzu ka ga damar zuwa?" take ce masa ƙasa-ƙasa.

Ta tallafe shi da tafin hannunta ta daɗe a haka. A ƙasan tagar iska na kaɗa bakin shuɗin ƙyallen.