Yatsu Biyu a Kan Gwiwa

…kuma sun ja labule da rana tsaka. Don me? Af, don hoton cikin ya fito a allon na'ura. Malam ya sani mana, shekara talatin yana koya wa ɗaliban likita sassan jiki — ko arba'in ne?

Autarsa tana kwance, cikinta na wata shida a buɗe. Tagwaye ne, ƙirji manne da ƙirji. Likitar da ke yawo da na'ura a kan cikin, wai ɗalibarsa ce a da. Sunanta… ya ɓace masa. Ta ce in zuciya biyu ce, ana iya raba su. In ɗaya ce — ba ta ƙarasa ba.

"Baba, kai ka koya musu. Duba mini."

Yana duban allon. Wani abu toka-toka yana buɗewa yana rufewa kamar bakin kifi. Zuciya ɗaki huɗu gare ta, biyu sama, biyu ƙasa. Ɗaya, biyu, uku… shida? Shida ya yi wa mutum ɗaya yawa, ya yi wa biyu kaɗan. A'a, shi ne ya rikice. Jiya ma a firji aka tsinci tabaransa. Allah ya sa shi ne.

Kwalbar nan ta ɗakin koyarwa. Jarirai biyu cikin ruwan magani, rungume da juna, goshi da goshi. Kullum da safe sai ya ce musu, kun tashi lafiya? Ɗalibai su kwashe da dariya. Bai taɓa tambayar wace ce uwarsu ba. Ko ita ma an ja mata labule?

Layi biyu suna gudu a allon, bugun jinin na dama, bugun na hagu. Ya tuna kansa a gaban aji, alli a hannu: kada ku yarda da ido, ku ba kowane jariri yatsa ɗaya, ku bi bugunsa. Zuciya biyu ba sa daɗewa suna bugawa tare, dole wata ta riga wata.

Ashe yatsunsa tuni sun fara, a kan gwiwa. Su ba su manta ba. Tare. Tare. Bari dai, yanzu za su saɓa… tare.

"Baba?"

Ba allon take kallo ba. Hannunsa take kallo. Wa ya riƙa zaunar da ita a bayan aji tana ƙarama? Shi ne.

Ya ce da yatsa ɗaya, jinkirta, ko sau ɗaya. Yatsan ya ƙi. Mantuwar da ta cinye masa sunaye, ta cinye hanyar gida, ta cinye muryar uwar yarinyar nan — yau da yake nemanta, ina ta shiga?