Fari a Kan Fari

Bube mai ɗinkin manyan riguna ba maƙaryaci ba ne, amma ya daɗe yana gaya wa mutanen Tambuwal cewa farin zare a kan farar shadda tsohon yayi ne. Gaskiyar ita ce ba ya ganin zaren. Likita ya ce ciwon gado ne a can bayan ido: abin da launinsa ya kusanci na ɗan'uwansa sai su narke su zama ɗaya, kuma tabarau ba ya magani.

Yana cikin wannan wa'azi a shago sai ga taubashinsa Ɗanmaliki daga Kebbe, ya dire shadda.

"Rigar naɗin ƙanena ce. Fari bisa fari nika so. In ka tsufa ka faɗi, in kai wa yara masu keke."

"Ni? Kai da ba ka san gaban riga da bayanta ba!"

Ya karɓa. In ta koma Kebbe ba ɗinki, gari ya ji, allurarsa ta yi ritaya.

A gida ya zauna a rana, ya kai shaddar har hanci. Fari fat, kamar ya leƙa ƙwaryar nono. Matarsa Kamila ta gama shanya ta tsaya a kansa.

"Malam, shaddar nan ci za ka yi?"

"Nazari nika yi."

Ta ɗauki zaren ta tsoma a ruwan bular wanki, ta shanya. Ya fito shuɗi.

"Ɗinka da wanga. In ka gama mu wanke."

Sai ga zanen aska na ɗinkin ya fito masa raɗau a ƙirjin riga, hannunsa ya tuna hanya. Da ya gama, Kamila ta wanke, ta sake wankewa, ta ɗaga rigar tana dubawa.

"Ya fita?"

"Ya... yi kyau, Malam."

Ɗanmaliki ya zo, ya ɗaga rigar sama, ya matso da ita har hanci, ya shafa aikin da yatsa.

"Fari tas! Ashe da sauranka, tsoho."

"Sa ka tafi, kada ka ɓata min ita da ido."

Suka tafa. Kamila tana bayan ƙyaure, ta toshe baki da mayafi.

Zaren yana nan shuɗi-shuɗi. Bube da Ɗanmaliki, kakansu ɗaya.